Baba Mounkaila da Laifin Kibiyar da Bai Harba Ba

Duk wanda ya bi ta unguwar Albarika a Parakou da hantsi zai iya wuce shi bai sani ba. Tsoho ne siriri a ƙarƙashin rumfar kwano, gilashi ɗaure da zare a bayan kunne, gabansa tebur cike da sikelin mahauta da agogunan da masu su suka manta da su. Yana fitowa bayan ya sha kunu, ya share teburin da tsumma, ya jera magagari da 'yan sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, sannan ya yi bisimilla. Ba ya tashi sai an kira azahar. Shi ne Baba Mounkaila, kuma a ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin idon ya fara gardama.

Mahautan kasuwa sun san shi. Akwai wanda ya taɓa kawo masa sikeli yana raɗa masa cewa a ɗan karkata shi kaɗan, ya mayar masa da abinsa ko buɗewa bai yi ba. Amma ba don sikeli na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda a garinsu Sérou, can ƙasar Djougou, shekara tara ke nan ana kiran mutumin nan wanda ya gurgunta Habou, amininsa. Ƙarya ce, kuma ni Sanoussi, da hannuna aka rubuta ta.

Shekara ashirin da biyu Baba Mounkaila ya yi yana aiki da wani kamfanin farauta a dajin arewa, ni kuma ina tafinta a can. Turawa ne ke zuwa da rani, wasu da bindiga, wasu da baka. Ba irin bakan iyayenmu ba, na ƙarfe ne mai 'yan tayoyi sama da ƙasa, kuma a jikinsa ake ɗaura wata ƙaramar na'urar saiti: zobe ne da allurai masu haske a ciki, maharbi ya ɗora bakin allura a kan dabba sannan ya saki kibiya. Bizar muke ce mata, daga sunanta na Faransanci. Shi Baba Mounkaila ɗan maharba ne da ya koyi gyaran agogo a Djougou, don haka hannunsa ya san ƙaramin ƙarfe, idonsa kuma ya san daji. Duk baƙon da ya sauka, sai bakansa ya kwana a hannun Baba Mounkaila, domin tsirkiyar da aka ɗaure a ƙasar sanyi takan saki jiki a zafinmu, saitin ya kauce. Zai jera buhunan ƙaiƙayi a mita ashirin, talatin, arba'in, ya sa baƙon ya yi ta harbi yana gyarawa har kibiyoyi su riƙa faɗawa wuri guda.

Baƙin nan sun fi son musu a kan bizar fiye da cin abinci. Kowa da mujallarsa, kowa na cewa tasa ce ta fi, ni kuma ina tsakiya ina juya magana har bakina ya bushe. In sun gaji sai su waiwayi tsohon, shi ko ba ya gaggawa. Ya riƙe kowace iri a hannu, ya ga yadda kowace ta ci amanar mai ita.

Mai batir, wadda ke auna nisa da kanta ta kunna maka ɗigo, ita ce ta fi tsada, kuma ita ya fi rainawa. Ya ce a fili ba ta da na biyu, amma a cikin ciyawa sai ta auna karan da ke gabanka ta bar dabbar da ke bayansa, ga shi rana na cinye mata batir. Mai allura biyar kuwa ya ce ta mai sanyin zuciya ce, domin ranar da ɓauna ta ɗago kai ta dube ka, allurai biyar ɗin nan sai su zama goma. Sai mai allura ɗaya, wadda ake murza wata 'yar ƙafa mai kama da taya a gefenta a kai ta kan nisan da ake so. Wannan yana yabonta, yana cewa ba a ƙera wadda ta fi ta kyau ba, in gwanki za ka harba daga nesa kana da lokacin tunani.

“Amma Mushe,” haka yakan ce wa baƙo, wato yallaɓai da Faransanci, ni ina fassarawa, “ita wagga tana son a tuna da ita. Mutum ko in ya ga ɓauna, sunan uwarsa ma mantawa shi kai. Ga ɓauna, ɗauki mai allura ukku wadda ba ta motsi. Ba ta da kwalliya, amma ba ta tambayarka komi.”

Masu hankali sun ji, sun koma gida lafiya da ƙahonninsu. Na ga wani ya rubuta maganar nan kusan kalma da kalma a mujallar ƙasarsu, da hotonsa yana murmushi, babu ko sunan tsohon a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na nuna masa, hoton kawai ya duba, ya ce mutumin ya yi ƙiba.

Baba Mounkaila, kai ne wanda ba ka taɓa barin baka ya fita sansani da saitin da ba ka yarda da shi ba. Ido ba mudu ba, ya san kima. Kai ne kake cewa dabbar da aka yi wa rauni aka bari, alhakinta na kan duk wanda ya taɓa bakan. Mu muna jin wannan kamar wa'azi ne, ashe kai da gaske kake.

A ranin da abin ya faru, wani baƙo ya zo da mai allura ɗaya, sabuwa fil, kuma ɓauna yake so. Baba Mounkaila ya ba shi shawarar da ya saba bayarwa, baƙon ya yi dariya ya ce abin da ke jikin bakansa ya fi motar da ta ɗauko mu daraja. Da safe ya yi ta gwada harbi a mita sittin don ya burge mu, sannan muka fita. Habou ne a gaba, shi ne mai bin sawu, mutumin da suka tashi tare da Baba Mounkaila tun suna harbin ƙadangaru. Muka tarar da ɓaunar a bakin wani rafi, bai fi mita ashirin da biyar ba. Ina tsaye a bayan baƙon. Ya ja, ya saki, bai taɓa 'yar ƙafar nan ba. Kibiyar ta tashi sama ta soki tozo, ɓaunar ta faɗa cikin ciyawa.

Ba a barin ɓauna mai rauni, kuma aikin mai bin sawu ne ya shiga. Habou ya shiga. Kafin mai gadinmu ya samu ya harbe ta da bindiga, ta riga ta tattake masa ƙafar dama ta farke masa cinya. Da muka dawo sansani Baba Mounkaila ya karɓi bakan ya duba, ni ma na duba. Allurar tana nan a kan sittin.

Da la'asar, ana can an wuce da Habou asibiti a Parakou, mai kamfanin ya kira mu biyu ofis, ni da Baba Mounkaila. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce in aka rubuta laifin baƙo ne, sai dai a bi shi ƙasarsu da shari'a, kuma jirginsa jibi ne. In kuwa aka rubuta kuskuren ma'aikacin kamfani ne wajen saiti, masu inshora za su ɗauki jinyar Habou har ƙarshe, su kuma riƙa tallafa masa. Sai dai wanda sunansa ya hau takardar, aikinsa ya ƙare. Na fassara.

Baba Mounkaila ya ce, “Baƙo raɓa ne, Malam Sanoussi. Rubuta ni na ɓata.”

Na ce, “Baba, ka san abin da mutanen Sérou za su ce?”

“Na sani. Su ce, in dai Habou shina da rai. Kuma kak ka gaya mai. Ka san Habou, in ya ji, kan gadon likita za shi tashi ya yi ta kuwwa, masu inshora su janye hannu. Rubuta.”

Na rubuta da Faransancina mai kyau wanda nake taƙama da shi, ya dangwala yatsa. An yi wa Habou aiki sau uku, an yanke ƙafar daga gwiwa, an ba shi ta roba, ya rayu. Baƙon kuwa ya tafi da ƙahonnin ɓaunar, an ce ma sun yi kyau a bangon falonsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ke hana ni sukuni. Labari ya riga Baba Mounkaila isa gida. Da ya je asibiti dubiya, Mariama matar Habou ta tsaya a ƙofa ta ce masa ya isa haka nan. Maharban Sérou, waɗanda ubansa ya koya wa ubanninsu ɗaurin tsirkiya, suka daina kiransa taronsu. Da mahaifiyar Habou ta rasu ya hau mota tun daga Parakou don ta'aziyya, ya zauna a bakin tabarma, mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage shi kaɗai. Ya yi addu'arsa, ya shafa, ya koma tasha. Ni ina wurin, kuma ina cikin waɗanda suka sunkuyar da kai. Na ci gaba da aikina a kamfanin har shekara shida, ina cin abinci ina ƙoshi.

Kada wani ya ce mini ai alkawari na riƙe. Alkawarin ya yi mini daɗi ne, shi ya sa na riƙe shi da kyau.

Yanzu daji ya ɓaci, baƙi sun daina zuwa, kamfanin ya nannaɗe tabarmarsa, tallafin Habou ma ya tsaya tun bara. Babu sauran abin da gaskiya za ta ɓata. Don haka a makon jiya na hau babur daga Djougou na bi jar hanyar nan zuwa Sérou. Na tarar da Habou a gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa, ƙafar robar a jingine gefe. Na gaya masa komai, tun daga mita sittin har zuwa dangwala yatsa. Mariama tana bakin ƙofa tana ji, har ta zauna a ƙasa ba ta sani ba.

Habou bai daina ɓare gyaɗar ba sai da na gama. Sannan ya ce, “Kai kana nan sa'ad da munka tashi munka bar shi bisa tabarma?”

Na ce ina nan.

“Shekara tara ina kwana da ƙin mutum ina tashi da shi. Shi ɗai ya rage min da ƙarhi cikin jikin ga. Yanzu ka zo ka amshe. To, da wane ido ni ka dubin Mounkaila? Tashi ka tahi, Sanoussi.”

Na dawo Parakou ina zaton aƙalla tsohon zai ji sanyi. Na same shi yana ƙoƙarin zura wani ɗan sukuru da ido ya hana shi gani, na zauna na ba shi labari. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ɓacin rai a fuskarsa irin na ranar ba. Ya cire gilashin ya ajiye.

“Wa ya aike ka? Ni na ɗauki abina, na iya da shi. Kai ne ya yi wa nauyi, ka tahi ka sauke bisa gurgu.”

Na miƙe zan tafi. Ya ce kada in rubuta labarin nan, ga shi na rubuta, domin maganar ta riga ta fita, kuma gara mutanen Sérou su ji ta cikakkiya da su ji ta gutsi-gutsi a bakin kasuwa.

Baba Mounkaila, na gode maka, ko da ba ka son godiyar. Na gode a madadin mutumin da yake numfashi yau saboda kai, da 'ya'yansa da ba su tashi marayu ba, da mu da muka ci moriyar shirunka muka goge baki. Allah Ya saka maka da abin da mu muka kasa. Ga masu sana'a kuwa, ku yi koyi da shi wajen faɗa wa mai kaya gaskiyar kayansa komai tsadarsu. Ba zan ce ku yi koyi da shi wajen ɗaukar laifin wani ba, domin na ga yadda muke saka wa mai yin haka.

Ku kuma mutanen Sérou, mota na tashi daga Djougou zuwa Parakou kullum safiya. Rumfar tana nan har ƙarshen wata. Jiya na leƙa, na ga duk babur ɗin da ya rage gudu a bakin hanya sai tsohon ya ɗago kai ya ƙanƙance ido, ya bi shi da kallo har ya wuce. Habou bai zo ba tukuna.