Gadar Ƙauyen Kawuna a Cikin Kwamfuta

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine, aikina shi ne in sa kwamfuta ta nuna yadda gini yake girgiza idan kaya suka bi ta kansa. Muna zana mata siffar ginin da layuka masu lanƙwasa sumul, kamar yadda gora take lanƙwasawa in an danne ta. Inda wahalar take shi ne nauyi. Ana raba ginin gurbi-gurbi, nauyin kowane gurbi yana sarƙe da na maƙwabtansa, sai jadawalin lambobin ya cika maƙil, kwamfuta ta yi ta fama tana warware shi a kowane mataki. Tawa tsohuwa ce, takan wuni tana zafi ba ta gama ba, wuta kuma ta ɗauke. Akwai dabarar dunƙule nauyin, kowane gurbi ya riƙe nasa shi kaɗai. Hakan yana da sauri ƙwarai, amma yakan ɓata amsa. Ni ina neman hanyar dunƙulewar da ba za ta ɓata ba.

Wata rana malamin da yake duba aikina ya ture takarduna gefe ya ce, "Duk misalanka na cikin littafi ne. Je ka samo mini abin da mutane suke takawa da ƙafa."

Nan take na tuna da gadar ƙauyen kawuna, yayan mahaifiyata, a fadamar gabas da Haɗeja. 'Yar gada ce ta ƙarfe da katako, mai ɗan doro a tsakiya, a kan wani reshen kogi da ciyawar kacalla ta cinye gefensa. Ta nan ake fitar da shinkafa, ta nan masunta suke kai kifi kasuwa.

Na je da rani, da tef ɗin awo da wata 'yar na'ura mai jin motsi. Kawu ya bar aikin alkamarsa ya biyo ni. Shi ya riƙe min bakin tef, shi ya tsai da masu babur, ya sa wani mai amalanke ya yi ta kaiwa da komowa da shanunsa a kan gadar don in auna. Gadar tana rawa sosai, ni kuwa ina murna, domin irin rawar da nake so ke nan.

Da yamma muna cin tuwo a zaure, mutane suka yi ta shigowa gaisuwa. Na ji Kawu yana gaya musu, "Ɗana ne, injiniya. Gadarmu ya zo dubawa."

Da suka watse na ce, "Kawu, ba fa gyara na zo yi ba. Karatu ne kawai, kwamfutata ce take wahalar da ni. Babu wanda ya aiko ni."

Ya ce, "Na ji. Amma ai abin da aka auna aka rubuta, wata rana wani babba zai gani."

Na sake maimaita masa, ya gyaɗa kai kawai. Da zan tafi, matan gidan suka haɗa min busasshen kifi da shinkafa, har da wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, wadda take tsallaka gadar kullum zuwa makaranta, ta kawo min gyaɗa. Ta ce, "Injiniya, a taimaka mana, ƙafar gadar ta wancan gefen ruwa yana cin ƙarƙashinta." Na leƙa na gani. Na faɗa wa mai unguwa, na kuma faɗa wa wani da na sani a ofishin ayyuka, ya ce zai duba. Lissafina bai shafi ƙasa ko ruwa ba. A cikin kwamfuta ƙafafun gadar a kafe suke, ba abin da yake taɓa su.

Dabarar da na ƙirƙiro ta yi aiki. Abin da yake cin wuni ya koma yana ƙarewa kafin in gama shan shayi, amsar kuma ta yi daidai da abin da na auna. Malamina ya yaba, na sami digiri, daga baya na sami aikin koyarwa a Kano.

Daminar da ta biyo baya aka yi ambaliya. Mahaifiyata ce ta kira ni ta ce gadar ta tafi. Ba a rasa rai ba. Amma shinkafar da ta tsira a tsallake sai a kwalekwale aka riƙa fito da ita kaɗan-kaɗan, da yawa ta jiƙe ta tsiro a cikin buhu. Malamar nan ta nemi canjin makaranta. Matar Kawu, mai ciwon ƙafa, ta daina zuwa asibitin Haɗeja saboda tsoron ruwa.

Na daɗe ban je ba. Da na je, a bakin mafitar kwalekwale na tarar da Kawu yana jirana, ya rame. Muka shiga kwalekwale, muka wuce ta gefen ƙarafan da suka rage a tsaye. Na kasa kallonsu, na kasa kallonsa. Ina ta jiran ya ce wani abu a kan gadar.

Sai ya ce, "Yaya kwamfutar taka? Ta daina wahalar da kai?"

Na ce, "Ta daina, Kawu. Yanzu sauri take."

Ya ce, "To alhamdulillahi. Ashe ba mu yi wahalar banza ba."

Da gaske yake faɗa, ba gatse ba ne, kuma shi ya fi damuna. Na kwana biyu a gidan, aka yanka min kaza, na ci da ƙyar.

Bayan shekara mutanen ƙauyen suka yi gayya suka kafa wata gada ta itace a can sama, inda ruwan ya fi ƙunci. Babur yana wucewa, amalanke ba ta iya. Na aika da ƙusoshi da igiyar ƙarfe. Ranar da aka kafa ta ina cikin aji ina koyar da ɗalibai, ban samu zuwa ba.