Ji Ne Ko Je

A tashar manyan motoci ta Zinder, in ka tambayi Suma'ila sai a ce maka wanne, don sun kai biyar. Amma ka ce Mushe, kowa zai nuna maka shi da baki. Mushe a bakin mutanen nan shi ne malamin lakwal, wato makarantar boko, mai alli da Faransanci, ko da yake abokan wasansa ba sa gajiya da tuna masa cewa akwai wani mushen da ungulu ke nema. Yakan yi dariya ya wuce. Sunan yana masa daɗi, kuma ya fi kowa sanin cewa ba nasa ba ne.

Haifaffen Birni ne, tsohuwar unguwar Zinder, ɗan baduku, a wani lungu mai rairayi da mota ba ta shiga. Ubansa ya so ya gaje shi a ɗinkin fata, shi kuwa ƙarar inji ce ta ɗauke masa hankali tun da wuri. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, amma lakwal ko ƙofarta bai taɓa takawa ba. Faransancin da yake zubawa a kunne ya tsince shi, a bakin 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi, cikin shekara talatin da ɗaya da ya yi yana jan kaya tsakanin Zinder da Kano. Baƙin boko kuwa, ko sunansa aka rubuta masa da manyan haruffa, sai dai ya kalla.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne Allah ya ba shi ido da ƙwaƙwalwa. Takardun iyaka duk ya san su da kamanninsu: wannan ruwan ɗorawa ce, waccan tana da tambari biyu a ƙasa, ta uku sai an sa hannu a gefen hagu. Direbobi har kawo masa nasu suke yi. Sai ya karɓa ya ɗaure fuska, ya bi shafi da yatsa a hankali, ya ce, "Nan an manta tambari." A koma a duba, a tarar haka ne. Daga nan sunan ya samo asali. Yana kuma da wani tabarau wanda babban aikinsa a duniya shi ne a manta da shi a gaban mota duk ranar da aka ce wa Mushe ya karanta wani abu a fili.

Sai aka zo da sabon tsari. Yanzu kafin mota ta iso iyaka, sai ofishin taranzit, masu shirya wa 'yan kasuwa takardun duwan, ya shigar da bayaninta a na'ura: sunan direba, irin kayan da yawansu, lambar kan mota da lambar tirelar da yake ja. Kana isowa ma'aikaci ya buɗe na'urarsa, ya gwama abin da ke ciki da abin da ke gabansa. In sun dace ka wuce, wani lokaci kafin shayinka ya huce. Direbobi sun yi gunaguni, amma Mushe ya fi su duka, wai an raina ƙwararru. Gaskiyar magana tsoro ne ya kama shi. Na'ura ba ta da launi, ba ta da tambarin da za a ce an manta.

Hankalinsa ya ɗan kwanta da 'yarsa Zahra'u ta sami aiki a ofishin Alhaji Zakariya'u, wanda shi ke shirya takardun motar da yake ja. Ita kaɗai ce mace a cikin masu shigar da bayani, kuma sai da ta yi wata takwas tana ɗaukar hoton takardu kafin a yarda a ba ta kujera da lambar sirrin shiga na'urar. Mushe ya bi tasha yana shela. In aka ce masa yarinya ta yi ƙoƙari, sai ya gyara hula ya ce, "Ai gado ta yi." Bakinsa bai taɓa yin nauyi da wannan magana ba.

Ranar da abin ya faru yana Kano, an yi masa lodin lemu. Ƙafar tirelarsa ta karye tun a gareji, mai motar ya sa aka yi hayar wata mai lambar Najeriya, aka juye kayan. Dole a sanar da Zinder sabuwar lamba kafin ya taso. Lambar tsohuwar tirelar ya haddace ta tun da daɗewa, wannan kuwa baƙuwa ce. Ya zaga bayanta ya tsaya, ya shafa aljihu, sannan ya kira wani mai faci da ke kusa.

"Ɗan'uwa, karanto mini lambar nan, na bar tabarau a gaba."

Mutumin ya karanta sau ɗaya, Mushe ya ɗauke ta tsaf. Ya kira Zahra'u a waya ya zayyana mata, harafi uku, lamba uku, harafi biyu, na ƙarshen ya ce ji.

"Baba, ji ne ko je?" in ji ta.

"Ji na ce."

"Da za ka sami wani ya ɗauko hotonta ya turo mini, don in tabbata. Su can ba yadda muke kira suke kira ba."

Nan fa girman kai ya motsa. "Ke Zahra'u, ni za ki koya wa karatun lamba? Gabanta nake tsaye, da idona nake kallonta. Rubuta ji."

Ta ce to. Ta rubuta.

Abin da Mushe bai sani ba, wanda duk ɗan aji uku na kowane ɓangaren iyaka zai iya gaya masa, shi ne haruffan nan biyu musayar suna suka yi. Wanda ya yi boko a Kano, G yake kira ji, J kuma je. Wanda ya yi lakwal a Zinder, G ne je, J ne ji. Mai faci ya ga G ya faɗa da bakin Kano, Zahra'u ta ji da kunnen Zinder ta danna J. A tsakiyarsu ga mutumin da ya kamata ya gani, yana kallo bai ga komai ba.

Da hantsi ya iso iyaka. Ma'aikacin duwan ya duba na'ura, ya zaga bayan mota, ya dawo ya sake dubawa.

"Shofer, tirelar da aka shigar daban, wadda ka jawo daban. Faka gefe."

Direbobi suka taru, har da Ɗanƙarami, ɗan ƙanwar ubansa kuma babban mai tsokanarsa. Ma'aikacin ba mugu ba ne. Ya juyo da fuskar na'urar ya ce, "Kai da ake ce wa Mushe, duba da kanka. Nan J, can G." Ya ma ƙara da dariya cewa ba shi ne na farko ba, ji ɗin Kano je ne a Zinder, wanda ya ji da kunne bai duba da ido ba yakan faɗa ramin.

A take Suma'ila ya gane abin da ya yi. Ya sunkuya kan na'urar, ya bi layi da yatsa yadda ya saba. Mutum goma sha wani abu na jiran abin da malami zai ce. Ya ɗago.

"Ni daidai na faɗa. Yarinyar ce ta danna ba daidai ba. Yaran yanzu sai gaggawa."

Da Alhaji Zakariya'u ya kira shi a waya, haka ya maimaita masa, har da ƙarin gishiri.

Gyaran harafi ɗaya kwana huɗu ya ci, don lambar da ta saɓa ba a ɗaukarta wasa, sai an tabbatar ba musayar tirela aka yi a hanya ba. Lemu ya kwana huɗu cikin tampol rana na dukansa. A rana ta uku ƙamshin ya juya tsami, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan tirela, ƙudaje suka sami wurin biki. Ɗanƙarami, da ya je Zinder ya dawo ya same shi nan, shi ya kawo labarin cewa Alhaji ya tara ma'aikata ya tambayi Zahra'u, ta ce ita ce ta yi kuskure, ya karɓe lambar sirrinta ya ce ta je gida.

"Ashe gadon bai cika ba," in ji Ɗanƙarami, yana dariya.

Suma'ila ya yi ƙoƙarin taya shi dariyar, ta ƙi fitowa.

Da ya koma gida Birni, Zahra'u ce ta kawo masa ruwa. Ta durƙusa ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi gajiya, ta tashi ta koma wankinta. Da ta yi fushi ko ta yi kuka, da ya sami abin kamawa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Matarsa Bintu ce ta ce masa, tana tsince shinkafa ba ta dube shi ba, "Malam, maƙwabta suna ta tambaya me ya zaunar da ita. Na rasa abin faɗa." Ya ce Allah ya kyauta, ya fita.

Kwana biyu yana zagaye gari kamar mai neman ɓataccen akuya. Ya je tasha, kowa ya ce Mushe sannu da jarrabawa, haƙuri za ka yi da yaran zamani. Kowace sannu sai ya ji ta a wuya. Bai taɓa cin haƙƙin kowa a hanya ba, abin da yake alfahari da shi ke nan, sai ga shi ya ci na 'yar cikinsa don kada a ce bai iya karatu ba. Kunya ta hana shi cin abinci a gida, ta kuma hana shi ci a waje.

Ran Alhamis da safe ya shiga ofishin Alhaji Zakariya'u. Akwai direbobi shida a kan benci suna jiran takardu, ga ma'aikata uku, ga kujerar Zahra'u ba kowa. Ya so ya ce a keɓe, sai ya ga a gaban mutane ya yi ƙaryar, keɓewa ba za ta wanke ta ba.

"Alhaji, don Allah rubuta mini harafi ɗaya a takardar nan. Duk wanda ka ga dama."

Alhaji ya dube shi, ya ɗauki biro ya zana wani abu, ya miƙa masa. Suma'ila ya riƙe takardar yadda kowa zai gani.

"Ban san shi ba. Ko wanne ka rubuta ban sani ba. Ban taɓa shiga lakwal ba, Alhaji. Mai faci ne ya karanta mini lambar, na faɗa mata yadda na ji. Ta ce in turo hoto, na yi mata tsawa."

Wani a kan benci ya fara dariya, ya zaci wasa ne, da ya ga ba mai taya shi sai ya mai da ita tari. Alhaji ya daɗe yana juya biro a hannu.

"Shekara nawa kana duba wa mutane takardu?"

"Tambari nake dubawa."

"To." Alhaji ya numfasa. "Lemu dai ya riga ya tafi. Ka ce mata ta dawo ran Litinin. Kai kuma daga yau hoto za ka riƙa turowa, kamar kowa, Suma'ila."

Ya fito. Bai bi ta tasha ba, don ya san labari zai riga shi isa.

Ya tarar da Zahra'u a tsakar gida tana ninke kayan da ta wanke. Ya zauna bakin tabarma, ya gaya mata abin da ya yi, idonsa a kan rairayi. Ya yi tsammanin za ta yi mamaki, ya ma shirya yadda zai jure kallon da za ta yi masa.

"Baba, da ka bari," ta ce. "Na riga na ce ni ce. Da wata biyu ya wuce Alhaji zai huce."

"Kin ji abin da na ce kuwa? Ban iya karatu ba."

"Na sani."

Ya ɗago kai. "Uwarki ta gaya miki?"

"A'a." Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ina aji uku na faɗi jarrabawa, na zo ta kusa da ƙarshe. Mushenmu ya rubuta da jan biro cewa a zo da uba. Na kawo maka takardar. Ka duba ta tun daga sama har ƙasa, ka ce madalla, haka nake so. Washegari ka sayo mini takalma."

Suma'ila ya tuna takalman. Ya tuna har rumfar da ya saye su, da yadda ya gaya wa mai rumfar cewa 'yarsa ce ta ci jarrabawa.

"Kuma kika sa su," ya ce.

"Na sa. Shekara biyu ina sa su ina jin kunya. Ban sake faɗuwa ba, don kada in sake kawo maka irin takardar."

Shekara goma sha biyar ke nan. Duk ranar da ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau, duk ranar da ya ce gado ta yi, tana tsaye tana ji, tana rufa masa asiri. Ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, sai hawaye suka riga maganar. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ita kuma ta juya baya ta ci gaba da ninki, don kada ta ga ubanta yana kuka.