Motocin da Suka Cinye Kiryarmu

Mun tashi daga Tabotaki bayan sallar asuba, ni da maƙerin garinmu da jakinsa. Damina ta matso, hauyoyin gari duk sun cinye, kuma babu ƙarfen ƙera sababbi. Dattawa ne suka aike mu Madawa mu roƙo ƙarfen matattun motoci.

Sai in fara da asalin motocin, don magana ta tafi bisa tsari. Da farko mai suke sha, suna kai gyaɗa da fatu kudu, mu kuwa ƙurarsu kawai muka sani. Da yaƙin Turawa ya tashi mai ya yanke, aka ɗaura wa kowace tukunyar ƙarfe a gefe, ta koma cin gawayi. Ba kowane gawayi ba, sai na itacen kirya, wanda da shi maƙera ke narka tama. Aka ɗora wa kowane gari nasa kason. Muka sare, muka ƙona, muka ɗauka a ka. Yanzu yaƙi ya ƙare, mai ya dawo, kirya ba ta dawo ba.

Hanyar Buza duwatsu ce, inuwa kuwa sai ta jaki. Duk kututturen da muka wuce, maƙeri kan kau da kai. A Buza muka sha fura wadda ruwa ya fi gero yawa, mai furar ta ce kada mu zarge ta, mu zargi shekara. A Azarori aka ba mu tuwon dawa da aka dafa da wutar kara da kashin shanu, don itace ya zama kayan masu hali.

A Madawa muka iske motocin a bayan bariki, a jere kamar raƙuman da aka durƙusar. Tayoyi sun fashe, tsatsa ta ci ƙofofi, awaki na hawa da sauka. Ƙarfen ɗaya daga ciki ya isa garinmu hauya har jikoki.

Maƙeri ya rusuna wa gardin da ke tsaro, ya faɗi abin da ya kawo mu.

Gardi ya ce, “Baba, wanga ƙarhe na gwamnati na. Ba mutuwa sunka yi ba, hutu anka ba su.”

Maƙeri ya ce, “Hutu, ɗana? Ga kaza can ta yi ƙwai cikin ɗaya! In jakina ya yi irin wanga hutu, ungulu za ka iske bisa nai.”

Gardi ya yi dariya, amma ko ƙusa bai bari mun taɓa ba. Da muka juya, maƙeri ya leƙa tukunyar wata mota, ya zura hannu, ya fito da gawayi. Ya karya shi, ya saurari ƙararsa, ya ce kirya ce. Gardi ya ce wannan shara ce, mu kwashe. Muka bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ta farko har ta ƙarshe, muka cika buhu. Ni ban yi godiya ba. Ba a gode wa mutum don ya ba ka abinka.

Da muka dawo gida, da gawayin nan maƙeri ya yi wa tsofaffin hauyoyi faci, kuma bai isa a yi wa duka ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a ƙasar nan mataccen ƙarfe yana da mai tsaro, itace mai rai ba shi da kowa. Daji guda muka kai Madawa, muka dawo da shi a bayan jaki ɗaya.