Baba Eriya da Rediyon Yayarsa

Baba Eriya suke ce masa a gidan rediyo, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai yi ƙarya ba. Dogo ne siriri, in ya tsaya gindin dogon ƙarfen eriyar tashar sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Bai taɓa karanta labarai ba, ko tari bai taɓa yi a makirufo ba. Aikinsa can bayan gari yake, a wani ɗaki mai ƙaurin waya da baƙin mai, inda injin watsa shirye-shirye na matsakaicin zango, wato AM, ya kwanta kamar tsohon bijimi.

Injin nan kuwa yana da hali, ba a tashinsa da garaje. Da sassafe Baba zai goge shi, ya kunna fanka, ya bar kwalaben cikinsa su ɗau ɗumi har su yi ja, yana lallashinsa: "To, tsoho, a hankali." Sai ya daidaita sannan muryar mai labarai ta bi iska, ta tsallake gonaki da duwatsu, ta faɗa ƙauyukan da ko mota ba ta son zuwa. Da damina in an yi walƙiya rediyo ya yi ta ƙarar suya, amma wa ya damu? Ta cikin ƙarar mutane ke tsintar labarinsu. Kai, an yi zamani, kuma Baba ya so aikin nan har ransa.

A ɗaya daga ƙauyukan nan yayarsa take, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Idonta ya tafi, 'ya'yanta sun watsu neman abinci, sai matar ɗanta ke kula da ita. Waya ba ta kamawa a wurin. Abin da ya rage mata shi ne wani tsohon rediyo da aka ɗaure da roba, wanda abin neman tasharsa ya daɗe da ƙagewa wuri guda. Baba kan bugi ƙirji cikin abokan aiki ya ce, "Yayata ba ta gani, amma ta fi ku sanin halin da duniya ke ciki."

Kwatsam sai shugaban tashar ya tara ma'aikata ya ce za a koma FM. Sauti tas, ba ƙara, ga tsohon injin yana shan mai ba ƙaƙƙautawa, kayan gyaransa ma an daina ƙerawa. Baba bai yi musu ba, gaskiya ɗaya ce. Sai dai ya san FM ba ta hawa dutse. Ran da aka kashe AM ɗakin Yaya zai yi tsit, kuma da hannunsa za a kashe. Ya yi niyyar zuwa ya gaya mata, bakinsa ya yi nauyi. Yau ne, gobe ne, har ranar ta zo. Ya ja maɓallin, ya tsaya yana kallon jan kwalaben yana dushewa, ya fito bai iya yi wa kowa sallama ba.

Sai da aka kwana biyu sannan ya yi ta maza, ya sayi sabon rediyo da doguwar wayar eriya ya nufi ƙauyen. Ya tarar Yaya tana barci, ya ce kada a tashe ta, gara ta farka ta ji abin yana magana. Ya ɗaura waya a kan gora, ya kewaya tsakar gida, ya haye katanga da tsufansa matar ɗan tana salati. Ina! Banda shuuu babu abin da ke fita.

"Wa nake ji kamar Auta?" Muryar Yaya ce daga ɗaki, tana rawa.

Ya sauko ya durƙusa a gabanta. Ta rame ƙwarai. Ya ce, "Ni ne, Yaya. An rufe tsohuwar tashar, sabuwar kuma duwatsun nan sun tare ta. Ki yafe mini, na raba ki da labarai."

"Labarai?" in ji ta. "Ina ruwan biri da gada? Wanda ya hau, wanda ya sauka, me ya ƙara mini? Ni tun kafin a buɗe tasha nake kunnawa. In na ji shuuu ɗin nan ya ɗauke ya koma gunji ƙasa-ƙasa, na san hannunka ne a kan injin. Sai in ce Auta ya tashi lafiya, in kashe abina kada batir ya ƙare."

Baba ya ƙara matsowa kusa da ita.

Ta miƙo hannu ta lalubo fuskarsa, ta shafa tun daga goshi har gemu, ta sake shafawa.

"Ran da na kunna na ji shuuu ɗin bai ɗauke ba, na ce wa yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya. Ta rantse lafiyarka ƙalau, ban yarda ba. Na ɗauka ɓoye mini suke yi." Ta ja numfashi. "Ja'iri, har na gama yi maka kuka."