Kawu Sai-Na-Karanta da Jirgin Tibiri

Duk wanda ya taɓa kai waya ko kwamfuta shagon Kawu Lawali a Sabon Garin Maraɗi ya san da guzuri ake zuwa. Ba gyaran ne ke cin lokaci ba, hannunsa da sauri yake. Matsalar ita ce dogon rubutun nan da ke fitowa kafin a danna "na yarda", wanda duk duniya ba mai karanta shi. To Kawu yana karantawa! Daga layin farko har na ƙarshe, da ƙarfi, yana fassara wa mai kaya da Hausa, gilashinsa mai ɗaure da zare yana lilo a karan hanci. Ka ce masa kana sauri, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ko kallonka ba zai yi ba: "Sai na karanta." Har sunan ya bi shi. 'Yan kabu-kabu ba su san wani Lawali ba, amma ka ce a kai ka wurin Sai-Na-Karanta, ka iso.

Ku 'yan Fada Taurari kun dame ni da kira tun ranar Asabar, kowa yana so ya ji abin da ya faru a wurin rabon gadon Kawu. Kun ji cewa wani kamfanin fim daga tsallaken iyaka ya zo sayen Jirgin Tibiri, labarin da Kawu ya rubuta, kuma in aka sa hannu za a goge shi daga wayoyinmu, har da babukan da mu muka ƙara. Gaskiya ne. Zan faɗa muku yadda aka yi, amma ku yi haƙuri, ni Rabi ɗiyar 'yar'uwarsa ce, jininsa ne a jikina, ba na tsallake layi.

Ku fara tuna ranar da yayansa, Kawu Alhaji Sani mai hatsi, ya kawo sabuwar waya a saita masa. Motocinsa biyu na tsaye a bakin iyaka, direbobi na jiran kiransa. Kawu Lawali ya gyara zama ya fara daga shafi na ɗaya.

"Lawali, don Allah danna kawai!"

"Yaya, nan sun ce za su san inda kake kwana. Ka yarda?"

"Su sani! Kowa a Maraɗi ya san gidana!"

"Nan kuma sun ce hotunanka..."

"Kai, gerona na shan rana a bakin boda, kana man karatu?"

Kawu ya sauke gilashi ya dube shi. "Yaya, kai ka taɓa sayen buhu ba ka caka shi ka ga ƙwayar ba?"

Alhaji ya fizge wayarsa ya fita yana ɓaɓatu. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo, don duk wanda ya kai wa ya danna cikin minti ɗaya, shi kuma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, yana so ya ji mene ne aka ce game da hotunan.

Manhajar sata kuwa, wadda ake fasa makullinta a sa wa mutane a kowane shago, Kawu bai taɓa sa wa kowa ba. Shi tasa ita ce wadda masu ita suka sake wa duniya kyauta, har yakan ce waƙafi ne irin na Turawa. Abokan ciniki da yawa sun gudu saboda haka. Wata rana Malam Habu, limamin unguwarmu ta Zariya, ya kawo kwamfutarsa, tana ta nuna masa jan rubutu.

"Malam Lawali, a kashe man jan abin ga. Huɗubar Juma'a nike rubutawa, yana hana ni."

"Malam, abin ga cewa yake ba a biya masu shi ba. Huɗubar kan mi ce?"

Malam ya yi ɗan tari. "Kan cin haƙƙin mutane."

Kawu ya juya masa fuskar kwamfutar yana jira. Malam ya shafa gemu, ya ce, "Sa man irin taka." Ranar Juma'a kuwa aka yi huɗubar, Kawu yana sahun farko yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta.

Sai batun Jirgin Tibiri. Ku kun san yadda fadarmu take, ƙarƙashin bedin ƙofar gidansa, da shayi da musu bayan la'asar: finafinan sararin samaniya, da ina alƙibla take in mutum ya sauka a wata duniya, da labaran da Kawu ke tsinto mana na rigimar da ake yi a waje kan wa ke da labari, wanda ya rubuta ko masoyan da suka ci gaba da shi. Daga wannan musun ya ce zai rubuta nasa. Manoman Tibiri ne suka ɗauki irin gero da jaki ɗaya suka hau jirgi zuwa wata jar duniya can bayan wata. Babi-babi yake turo mana a waya, kuma kowane babi da shafin farko iri ɗaya, wanda ya kira lisansinsa:

"Ni Lawali na yarda kowa ya kwafi labarin nan, ya ƙara, ya rage, ya sayar in ya samu mai saye. Sharaɗi biyu: kar a cire sunana, kuma kar ka hana wani abin da na bar maka. Wanda ya cire shafin nan, Allah na ganin shi."

Ni ce ta farko da na gwada shi. A lokacin na fara koyar da Ingilishi a kolej ɗin Jiratawa, ina da lokaci da tsaurin ido. Na rubuta babi na tsige direban jirginsa, na ba wata ungozoma 'yar Jiratawa sitiyari. Wayyo, ku zo ku ga Kawu! Mako guda ko gaisuwata ba ya amsawa.

"Rabi, ke ko kunya babu? Mutumin da na sha wahala na koya mashi tuƙi babi tara?"

"Kawu, in goge?"

Ya yi ta huci. Can ya ce, "Ba ni da iko. Takardar ta ɗaure ni ni ma." Ya juya zai tafi, ya waiwayo: "Amma ungozomar taki ba ta iya birki ba."

Da labarin ya bazu, wani mai tura finafinai a waya a babbar kasuwa ya fara sayar da shi, ya cire shafin farko ya sa sunansa. Muka ce a kai shi jandarma. Kawu ya ce a'a. Ya ɗauki kujerarsa ta roba, ya je ya dasa ta a gaban teburin mutumin. Duk wanda ya zo saye, sai ya tare shi ya karanta masa lisansin daga farko.

"Tsoho, mi kake so? Kuɗi?"

"Sayar abinka, Allah ba da kasuwa. Ina shahin hwarko?"

Kwana uku yana can, har masu sayar da goro suka haddace. A na huɗu mutumin ya mayar da shafin, ya haɗa da roƙon a ɗauke kujerar.

To, wannan Kawu Lawalin namu ne ya rasu wata biyar da suka wuce, ya bar Tanti Zali matarsa da 'ya'ya huɗu, da shago mai cike da tsofaffin kwamfutoci waɗanda ba mai saye. Ba zan ɓoye muku ba, gidan yana da buƙata. Shi ya sa da na ji Kawu Alhaji ya amince da kamfanin, na kwana uku ban iya cin abinci sosai ba. Na ji haushinsa, kuma na san ba mugunta ba ce, marayun yake dubawa.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a tsakar gida. Malam Habu ne mai rabo. An gama da gida da shago, sai wakilin kamfanin ya fito da kontara mai shafi goma sha ɗaya, cikin Ingilishi, ya buɗe na ƙarshe ya nuna wurin sa hannu. Ya faɗi kuɗin, mata suka yi salati ƙasa-ƙasa. Alhaji ya cire murfin biro. Ni ina can gefe kan tabarma, ba ni da gado, ba ni da baki. Na buɗe baki, Alhaji ya harare ni, na rufe.

Biro ya kusa taɓa takarda, sai muka ji murya daga ƙofar ɗaki.

"Yaya Alhaji, dakata. Sai an karanta."

Tanti Zali ce! Matar da ta shekara ashirin da shida tana kuka da karatun nan. Wadda Kawu ya taɓa hana ta kunna sabon murhun gas, baƙi na zaune da yunwa, sai da ya gama ɗan littafin da ya zo da shi har da adireshin masana'anta.

"Zali," in ji Alhaji, "don ɗiyanki nike yi hwa."

"Na sani, Yaya, Allah saka. Amma gidan ga ba a taɓa sa hannu haka ba. Rabi, tashi ki karanta muna."

Wakilin ya duba agogo, ya ce yana da hanya mai nisa, kuma tayin na yau ne kawai. Na karɓi takardar. Na fara daga layin farko, ina fassarawa. Shafi na uku, Alhaji ya ce in yi sauri. Wallahi ban san lokacin da yatsana ya ɗaga sama ba. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

A shafi na takwas na tsaya. Na sake karantawa a zuciyata don kar in yi wa kowa ƙarya, sannan na faɗa: kamfanin yana da ikon sa sunan wanda ya ga dama a matsayin marubuci. A na tara kuma, magada za su taimaka a kai ƙarar duk wanda aka samu yana raba labarin ko yana ƙara masa babi.

"Har Rabi?" in ji Tanti.

Wakilin ya ce ai ka'ida ce kawai, ko'ina haka ake rubutawa, ba lallai a yi ba.

"In ba za a yi ba, mi ya sa aka rubuta?"

Wakilin ya sake duba agogo. Tanti ba ta yi boko ba, amma sai ta gyara lulluɓi ta karanto shafin farkon nan da ka, kalma ba ta faɗi ba, har zuwa "Allah na ganin shi". Ashe kowane babi ita Kawu yake fara karanta wa kafin ya turo mana, da lisansin da komai, tana tankaɗe tana saurare.

Kowa ya juya ga Malam Habu. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Abin da mutum ya bayar da ransa da lahiyarsa, mutane suka karɓa, ya hita hannunsa. Ban ga yadda zan raba shi ba. In suna son him ɗinsu su yi, ai ya yarda, su bar sunansa su bar mutane." Ya ɗan murmusa. "Ni dai an taɓa gyara man huɗuba a kan wanga."

Alhaji ya daɗe yana kallon biron. Na ga jijiyar wuyansa tana motsi, na ce yau sai ya kore mu duka. Sai ya mayar da murfin a hankali, ya tura takardar gaban wakilin.

"An caka buhun, ƙwayar ba ta yi ba," ya ce. Ya share ido da hannun riga. "Lawali, ko a kabari sai ka ɓata man lokaci."

Wakilin ya tattara ya tafi, kuɗin suka bi shi. Kar ku yi guɗa da yawa, jama'a. Tanti ta fito da keken ɗinkinta tun ranar Lahadi, Alhaji kuma har yau bai ɗaga wayata ba, ko da yake jiya an ga an sauke buhu biyu a gidan ba a faɗi daga ina ba. Labarin dai yana nan a wayoyinku, wanda ke da babi ya ci gaba da rubutawa, ya bar shafin farko.

Abu ɗaya ya rage ban taɓa faɗa muku ba. Ranar da za a yi wa Kawu Lawali aiki a asibiti, ni ce a kansa da aka kawo takardar amincewa. Likita na tsaye, Kawu ya sa na ɗora masa gilashin, ya bi ta layi-layi har ya zo inda aka ce ana iya mutuwa. Ya tsaya. Na ɗauka musu zai fara. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wanga sharaɗi na san da shi, Rabi. Tun ran da aka haihe ni aka rubuta." Ya sa hannu.

Ya Allah, ga bawanka Lawali, bai taɓa cewa ya yarda da abin da bai sani ba, kuma da Kai ya yarda. Ka yafe masa, Ka haskaka makwancinsa, Ka rufa wa Tanti da yaran asiri. Ran da za a miƙa wa kowa littafinsa a ce ya karanta, Ka ba shi nasa a hannun dama, Ka sa abin da ke ciki ya faranta masa rai tun daga layin farko har na ƙarshe. Amin.