Burtsatsen da kowa ya tura wa maƙwabcinsa

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a Dutse, ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa ta samu tallafin burtsatse guda ɗaya tal. Sharaɗin shi ne mu nuna inda jama'a suka zaɓa kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a kai shi wani gari. Unguwa biyu gare mu: tamu ta manoma, wadda ta fi jama'a, da ta Fulani a ƙetaren fadama. Dukkanmu da nisa muke ɗebo ruwa, har da mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa.

Da yake ni ne ɗan boko mai kwamfuta, sai na ce a bar zaman gindin bishiya, zamani ya zo. Na sa taswirar garin a waya, na bi gida-gida. In rubuta sunan mutum, in ɗauki hotonsa, shi kuma ya dangwala yatsa inda yake so a haƙa. Har wani taku na musamman nake yi.

Da na koma ɗakina a unguwar Limawa ta Dutse na buɗe sakamakon, sai kaina ya ɗaure. 'Yan unguwarmu duk sun dangwala unguwar Fulani, Fulani kuma sun dangwala tamu. Na kira abokina da ya fi ni sanin na'ura, ya ce, "Taswirarka ce ta kife." Muka juya ta, muka sake juyawa, ba abin da ya canja.

Na hau babur sai gida.

"Inna, ina kika dangwala?"

"Wajensu mana."

"Ke da gwiwar nan taki?"

Ta ce, "Kai ɗan nan! Ka rubuta sunana, ka ɗau hotona, sannan in ce a ba ni a hana maƙwabta? Da wane idon zan kalle su? Ai kara ake yi."

"To a ranki ina kike so?"

"Ka fi ni sani."

Wallahi ban san abin yi ba. In na canja, na yi ƙarya. In na bari, na hana mahaifiyata ruwa. Wata ya zo ƙarshe, na tura yadda yake. Da yake mun fi su yawa, aka haƙa a unguwar Fulani.

Ranar buɗewa dattijonsu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, na'urar nan taka ta ba mu kunya." Tun daga ranar, kullum da safe amalankensu ke zagaya unguwarmu da jarkoki, kuma a ƙofar Inna take fara tsayawa.

Har yau in ana maganar tsara ci gaba da kwamfuta, sai in tuna burtsatsen nan. Ban san ko aikin nan ya ɓaci ko ya yi kyau ba. Na taɓa tambayar Inna, ta ce, "Da a unguwarmu aka haƙa, ai da har yanzu da ƙafata nake zuwa."