Yadda Muka Cinye Irin Dawarmu

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Laraba, mu uku ne a gonarmu ta bayan garin Kontagora: ni, da yayana wanda ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinmu, da wani dattijo Bakambare da muke iyakar gona da shi. Na riƙe lokacin ne domin na duba agogo sa'ad da gabas ta yi duhu. Yaya ya cire hula ya ce, "Alhamdu lillahi, ga ruwa nan." Dattijon ya shaƙi iska, ya tofar da yawu, ya ce, "Wannan ba ya ƙanshin ruwa."

Shi ke da gaskiya. Hadarin ya iso jawur, babu ɗigo ko ɗaya a cikinsa. Muka kwanta rubda ciki a gindin ɗorawa, muka rufe kai da riguna. Da iskar ta lafa na tashi ina tauna ƙasa, kunnuwana cike, ko kalar rigar Yaya ban iya ganewa ba. A shekarar babban fari ke nan, ina da aure da 'ya ɗaya, saboda haka ba zan fake da ƙuruciya ba a abin da zan faɗa.

Mahaifinmu ya bar mana tsari game da iri. Kowace kaka ana zaɓar zangarniyar dawa mafi kyau, a kasa ta kashi uku. Na farko na shuka ne. Na biyu na maimai ne idan shuka ta ƙi. Na uku ana rataye shi a ɗakin Inna, saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari, ba a taɓa shi sai ruwa ya zauna sosai.

Kashi na farko mun yi binne da shi, wato mun shuka a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa ya tarar da shi. Iskar ranar Laraba ta kwashe kunyoyin, ta tone irin, kurciyoyi da zabin daji suka tsince shi kafin Juma'a. Kashi na biyu mun zuba shi bayan wani yayyafi da bai jiƙa ƙasa tsawon yatsa ba. Ya tsiro, ya yi kwana shida, ya ƙone. Iska ta sake zuwa sau biyu, ta shafe gonar har ba a gane inda kunya take. A lokacin rijiyar unguwa ta koma laka, sai an tace da ɗankwali, kuma duk wanda ya fito daga wajen dajin kiwo na Bobi labarin warin mushen shanu yake bayarwa. A gida garin rogo muke ci sau ɗaya a yini.

Nan ne Yaya ya ce zai kira gayya a sake tayar da kunyoyi. Ban ƙi wannan ba, aikin ya fi ƙarfin mutum biyu. Amma wanda ya kira gayya shi ke ciyar da ita. Na ce a jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli, kowa ya san halin da ake ciki.

"Garin rogo?" in ji shi. "A gayyar gidanmu? So kake a yi da ni a bakin masallaci har in mutu?"

"To, me za a tuƙa, Yaya? Rumbu ka gan shi."

Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin Inna.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa ba ta taɓa kiran sunansa ko ta yi masa magana kai tsaye ba, saboda kunya. Da ya shiga da tsani ya fara sauke dammunan irin, sai ta juyo wajena, tana magana da ni alhali da shi take.

"Kai, gaya wa wancan, abin da yake saukewa ba abinci ba ne."

"Yaya, ka ji Inna."

"Gaya mata idan ruwa ya sauka zan nemo iri. Iri ne ba a samu a duniya?"

"Gaya masa ubansa ya kwana da yunwa a ƙarƙashin dammunan nan, bai miƙa hannu ba."

Haka na tsaya a tsakiya ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Na kai nata, na kawo nasa, ban ƙara nawa ko kalma ɗaya ba. Bayan haka aka sussuke dawar, aka sheƙe, ni na ɗora buhun a keke na kai injin niƙa. Mai injin ya damƙi ƙwayar ya duba, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce masa ya yi aikinsa. Har yau idan na tuna muryata a wurin nan, raina ɓaci yake.

Ranar gayya mutane suka cika gona, har da mai ganga. An yi aiki, ba zan hana musu wannan ba. Kafin azahar kunyoyi sun miƙe reras. Aka kawo tuwo a manyan akusa aka jera a gindin ɗorawa. Ana buɗewa iska ta taso, ƙura ta rufe abincin. Sai na ga ƙarti suna kwashe saman tuwon da hannu suna yarfarwa ƙasa, suna cin na ciki. Wani ya ce miyar ba ta ji daddawa ba. Wani ya yi gyatsa ya ce, "Wallahi tuwon nan da zaƙi, wace dawa ce wannan?" Mai ganga yana zuba wa Yaya kirari, shi kuwa yana zagayawa hannu a baya yana cewa a ƙara, akwai saura. Karnuka suna lasar abin da aka yarfar. Na kai loma baki, na koma bayan bishiya na tofar.

Dattijo Bakambare ya yi aikinsa tare da kowa, amma bai wanke hannu ba. Yaya ya ce, "Baba, bismilla mana."

Ya ce, "Ɗana, ni ba na cin shekara mai zuwa."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa yake.

Bayan kwana tara ruwa ya sauka na gaske, tun hantsi har la'asar. Washegari kowa ya fita da sungumi. Mu muna da gonar da ta fi ta kowa gyara a yankin, ba mu da abin sa mata. Yaya ya zaga gari kwana biyu yana neman iri. Mutanen da suka ci tuwonsa kowa ya ce nasa ma bai ishe shi ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. A rana ta uku dattijon ya ƙetaro iyaka da ƙwaryar iri a hannu, ya wuce Yaya kamar bai gan shi ba, ya miƙa mini.

"Wannan na rami ne," ya ce. "Idan ka ji yunwa, zo gidana."

Abin da ya ba mu ya shuka kusan rubu'in gonar. Sauran kunyoyin ciyawa ta gaje su. Da wannan rubu'in, da ganyen tafasa, da ƙodago da na riƙa yi a gonakin mutane, muka kai wata kaka. Ba wanda ya mutu a gidanmu. Amma dawar dattijon tasa ce, ba tamu ba. Tamu ta ƙare a akusa.

Yaya ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar masa ba. Shekara da shekaru ina duba buhuna a kasuwa ban sake ganin irin dawarmu ba. Kafin Inna ta rasu ta gaya mini mahaifinmu ya taɓa ɗibar wa wasu manoma da suka yi ƙaura zuwa wajen Zugurma.

Ga kamanninta. Karanta gajere ne, ba ya wuce kafaɗar mutum. Wuyan zangarniyar a lanƙwashe yake. Ƙwayar fara ce da ɗigon ja a gindi, kuma tana riga sauran dawa nuna. Mai karatu, idan kana noma a wannan yanki, ko kana da dangi a can, ina roƙonka ka duba rumbunku, ka tambayi tsofaffinku. Idan ka same ta, ka ware zangarniya uku ka rataye inda hannu ba ya kaiwa, ka shuka ta bana, sannan ka ɗiba wa maƙwabcinka na gona.